Shekarar da Aka Hana Mu Rubuta Sifili

Makon da ya wuce wani matashi mai digiri, cikin sababbin da aka ɗauka aikin ƙidayar amfanin gona, ya ce da ni a teburin mai shayi na bakin ofis wai aikin namu danna waya ne kawai. Ka zagaya gona da waya a hannu ta faɗa maka faɗinta, ka tambayi manomi buhu nawa ya samu, ka danna, ka hau babur. Ban ba shi amsa a wurin ba, don in na fara ba a magana mai daɗi zan tsaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, shi da ire-irensa su karanta in sun ga dama. Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, kada wani ya zo yana gyara mini rubutu. Shekara ashirin da ɗoriya ina auna gonakin mutane a Filato, har yau sunana yana jerin ma'aikatan wucin gadi.

Bari in fara da abin da ba a gaya muku a ɗakin horo. Lambar nan da kuke gani a manyan rahotanni, inda ake jera ƙasashe a ce ga abin da Nijeriya ta noma, ga na Kenya, ga na Masar, ba daga sama ta faɗo ba. Ba wanda ya taɓa ɗora dankalin turawan ƙasar nan duka a sikeli. Wani mai takalmin roba ne ya durƙusa a ɗan fili mita biyar-biyar, ya tona, ya auna, ya rubuta. Daga hannunsa takarda ta zo ofis a Jos, a haɗa da ta wasu, a ninka, a tura Abuja, su ma su yi nasu, su tura ƙasar waje. A can wani mai kwat ya dubi jadawali ya ce wannan ƙasa ta ƙoshi, waccan a kai mata agaji. In mai takalmin roba ya kuskure da kilo biyu, kafin ta isa can ta zama tirela-tirela.

Gonar farko da na auna ta masara ce, a hanyar Barikin Ladi, kuma Baba Pam ne ya kai ni. Baba Pam mutumin Anguwan Rukuba ne, dattijon coci, ya tsufa a aikin. Mahaifina ke gyara masa babur a Dilimi, ta nan aka haɗa mu, lokacin ina da mata da ɗa guda ba ni da abin yi. Kayan aikinsa duka a jaka ɗaya suke: tef mai mita hamsin, kamfas, igiya mai ƙulle-ƙulle, fegi huɗu na ƙarfen rodi, sikelin ratayawa, fensir, da wata takarda cike da lambobi da ya naɗe a leda. Biro haramun ne a wurinsa. Ruwan Filato ba ya sallama, in ya sauko tawada bin sa take yi.

Takardar lambobin nan ita ce uwar aikin. Ba kai ke zaɓar inda za ka kafa fegi ba, ba kuma mai gona ba. Ka tsaya a kusurwar gona, ka duba lambar da ta zo, ka yi taku adadinta a tsaye. Ka duba ta biyu, ka yi taku a kwance. Inda ƙafarka ta tsaya, nan ne. Ko kan dutse ne, ko gefen suri, ko inda ruwa ya kwanta shuka ta yi ja. A ranar takuna ya ƙare a wani wuri mai tsakuwa, masarar ba ta kai gwiwa ba, ga kuma taku uku gaba wadda ta fi ni tsawo. Mai gonar yana ta jan hannun rigata, wai in matsa can, kada in kunyata shi a idon gwamnati. Na matsa. Baba Pam ya bar ni har na kafa fegi huɗu, na ja igiya, na gwada kusurwa da kusurwa, gumi na zuba. Sai a lokacin ya ce in cire. Na cire, na koma tsakuwa na sake kafawa, shi yana zaune a kan dutse yana ɓare gyaɗa.

"Sale, kai ba baƙon biki ba ne da za a nuna maka ɗaki mai kyau," in ji shi. "Gonar duka aka aiko ka, har da mummunan wurin."

Manoma iri biyu ne, kuma duka za su yi maka ƙarya, ba don mugunta ba. Na farko yana zaton haraji ka zo sa masa, buhu goma ya koma huɗu. Na biyu ya ji ana raba taki ga manyan manoma, huɗu ya koma goma. Shi kansa buhun ba ma'auni ba ne. Buhun dankalin da dillalai ke cikawa a kasuwa hula ake ɗinka masa a kai, ƙarti biyu ke ɗaga shi suna nishi. Wanda mace ke ɗauko wa daga gona a kanta wani abu ne dabam. A fom duka sunansu buhu. An taɓa kawo mana wata baƙuwa daga wata hukuma ta ƙasar waje, ta ce aikinta shi ne mayar da awon kowace ƙasa kilo don a iya jera su wuri ɗaya, ta tambaya kilo nawa ne buhu a nan. Baba Pam ya ce mata ya danganta da wanda ke saye da wanda ke sayarwa. Ta yi dariya. Ogan ofishinmu ya harare shi, ya ba ta lamba guda, da ita kuma ta tafi.

Kafa fegi wasa ne, tsaronsa shi ne aikin. Mai gona zai rantse maka ba wanda zai taɓa cikin igiya sai ka dawo ranar girbi. Ka dawo ka tarar yara sun gasa rabin masarar, ko akuya ta shiga, ko matar gida ta zare fegi guda ta ɗaure tunkiya. Acha kuwa ita ce azaba. Ka yanka, ka jira ta sha iska, a tattake, a sheƙe, kana kallon iska na tafiya da awonka. Dankali sai ka kakkaɓe ƙasa a jikinsa, ka ware ruɓaɓɓe, ka rataye sikeli a reshe, in babu itace mutum biyu su saɓa sanda a kafaɗa. Ka cire nauyin buhun da ka zuba a ciki. Ka mayar wa mai gona kayansa kaf. Baba Pam ko ƙwaya ɗaya ba ya karɓa, ya ce ranar da ka tafi gida da dankalin manomi, ranar sikelinka ya zama nasa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin horo. A Filato ƙasa ba abin wasa ba ce. Bayan rikice-rikicen da aka sha, Bahaushe ɗan Dilimi ya shiga ƙauyen Birom da tef da fegin ƙarfe yana zagaya gonar mutum, me kuke zaton za a ɗauka? Baba Pam ne ke shiga gaba, ya gai da mai unguwa, ya gai da fasto, ya ci gwate a gidan wani, sannan a fito da tef. Da gwiwoyinsa suka kasa ya ajiye aiki, ni kaɗai na ci gaba da shiga. Wayarku tana auna fili cikin minti biyar, na yarda. Ba ta iya gai da mai unguwa.

Yanzu shekarar da dankali ya ruɓe. Ba sai na faɗi wace ba, waɗanda suka yi asara sun san ta. Ruwa kullum, sanyi kullum, rana ba ta fitowa ta busar da ganye. Sai ɗigo-ɗigo mai ruwan ƙasa ya fito a ganyen, kafin mako ya zagayo gona ta yi baƙi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Warin kuwa tun daga bakin hanya yake tarbar ka. An ba ni gona goma sha biyu a wani ƙauye can bayan Barikin Ladi, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar da na fara zuwa samari suka tare babur ɗina suna tambayar wanda ya aiko ni, ɗaya ya riga ya zare makulli. Wata mata ce ta ajiye itacen da ke kanta ta shiga tsakani. Sunanta Kaneng, ana ce mata Ngo Kaneng, Ngo kuwa a bakinsu uwa ke nan. Mijinta ya rasu, tana riƙe da 'ya'ya huɗu. Ta ce ta san ni tun ina bin Baba Pam, ni ɗan awo ne ba ɗan ƙwace ba, kuma gonarta ma tana cikin takardata. Aka mayar mini da makulli. Ita ta zagaya da ni gonakin duka.

Ku 'yan birni sai na yi muku bayani. Dankali ba masara ba ne da za ka rataye iri a saman murhu ka manta. Irin dankali dankali ne. Daga abin da ka tona bana za ka ware na shukar baɗi. In ya ruɓe, abinci ya tafi, iri ya tafi tare da shi. A lokacin an gaya mana a ofis cewa wata hukuma za ta kawo iri mai lafiya ta raba a wuraren da asara ta fi yawa, kuma da awonmu za a zaɓi wuraren. Ni da bakina na faɗi wannan a ƙofar mai unguwa, mutane na tsaye. Na ce su bar ni in yi aikina, in takarda ta nuna abin da idona ya gani, iri zai zo.

Ranar tono a gonar Ngo Kaneng, ni da ita da babbar 'yarta muka tona cikin igiyar nan tas. Ka sa hannu ka ɗauko dankali, yatsa ya nutse a ciki, baƙin ruwa ya biyo. Ƙa'ida ita ce ana auna wanda zai ciwu ko ya sayu. Muka baje abin da muka tona a kan buhu muna juyawa ɗaya-ɗaya, ko Allah zai sa a samu na kirki. Babu. Duk da haka na rataye sikeli, na maƙala buhu ba komai a ciki, don kada a ce na tsallake wani mataki. Na rubuta sifili. Ta leƙo takardar, ita ba ta karatu, ta ɗora yatsa a wurin.

"Wannan ƙwai ɗin shi ne gona na?"

Na ce shi ne.

"To, ka kai masu su gani."

Cikin goma sha biyun nan, bakwai haka suka fito. Na kai fom ofis ranar Litinin. Ranar Alhamis oga ya aiko a kira ni. Na tarar da takarduna a teburinsa, an zagaye kowane sifili da jan biro.

A nan sai kun san wata tsohuwar al'ada ta ofisoshin irin namu. Tun zamanin da, akwai ragwayen ma'aikata da in gona ta yi musu nisa sai su zauna a gindin mangwaro su cika fom, su rubuta sifili, su ce gonar ba ta yi ba. Don maganinsu aka ce duk gonar da ba a samu abin aunawa ba, a musanya ta da mafi kusa da ke da amfani. Muna ce masa musanya kawai. A shekarar lafiya gona ɗaya ce ko biyu, ba wanda ya damu. Har kwamfutar da aka kawo daga baya a kan haka aka saita ta, madam mai shigar da lamba ta nuna mini, tana buga sifili sai wurin ya yi ja ya ƙi wucewa.

"Oga, na je," na ce masa. "Sunsuna takardar ka ji, har yanzu warin gonar take yi."

"Ban ce ba ka je ba, Sale. Na ce sifili ba ya shiga. Gonar da ba ta ba da komai ba, me ka auna a cikinta? Koma ka musanya."

Na ce masa in aka kwashe matattun gonaki aka sa rayayyu a gurbinsu, ai lissafin zai nuna ba wadda ta mutu, irin da ake jira kuma ba zai je ba. Ya tambaye ni a wace jami'a na karanta lissafi. Ya ce an raba taki a bana, an faɗa a rediyo, in lambar jiha ta faɗi ƙasa shi za a tsare da tambaya daga Abuja, ba ni ba. Sannan ya jawo wani fayil ya buɗe a gabana ba tare da ya dube ni ba. Jerin 'yan wucin gadin da za a sake ɗauka baɗi ne.

Da yamma na wuce Anguwan Rukuba wurin Baba Pam. Na same shi a ƙofar ɗaki, ƙafafu cikin baho na ruwan ɗumi, rediyo a cinya. Na kwashe labari na gaya masa. 

"Ni ma na sha musanyawa, Sale," ya ce. "Amma ban taɓa musanya ƙauye guda ba."

Na tambaye shi abin da zan yi. Shi kuma ya tambaye ni yarana nawa yanzu. Na ce biyar. Ya ƙara muryar rediyo.

Na koma ƙauyen. Ban bi ta tsakiyar gari ba, na zagaya ta hanyar baya. A wannan gefen akwai wani ɗan fansho da ake kira Manaja, mutumin kirki, ba ruwansa. Shi yana da injin feshi, yana da halin sayen magani duk mako, ya fesa tasa ya fesa ta 'yan uwansa, gonakinsu suka tsira. A cikinsu na cike bakwai ɗina. Kwana uku na yi. Na bi takardar lambobi taku-taku, na ja igiya, na gwada kusurwa, na kakkaɓe ƙasa, na cire nauyin buhu. Wannan nake so ku gane, ku masu digiri. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Kowace lamba a fom ɗin nan in ka je da sikelinka haka za ka samu. Oga ya karɓa, kwamfuta ta haɗiye ba gardama. Daga baya da muka haɗu da abokan aiki na wasu ƙananan hukumomi, kowa ya faɗi nasa, ashe duk abin da aka sa mu ke nan.

Da jerin wuraren da za a kai iri ya fito, ƙauyen ba ya ciki. A takarda asararsu ba ta taka kara ta karya ba. Bayan an daɗe wani abokin aiki ya buɗe mini jadawalin nan na ƙasashe a kwamfuta, ya nuna mini layinmu na shekarar. Na ƙura ido ina neman inda ya lotsa. Da ƙyar za ka ce wani abu ya faru. Kwanan baya na ari wayar ɗaya daga cikinku na gwada, na danna sifili a wurin nauyi. Ta yi ja, ta tambaye ni ko na tabbata. Aka ce in ka ce ka tabbata tana wucewa, amma mai duba aiki zai kira ka kafin la'asar. Kayan aikin ne kawai suka canza.

Da damina ta zagayo aka sake ɗauka ta, aka kuma sake ba ni ƙauyen, da sunayen farko. Sunan Ngo Kaneng ne na uku. Ba hanyar baya a wannan karon, dole in je ƙofarta. Gonar tana nan, ciyawa har ƙugu, sai ɗan gefe da aka watsa acha. 'Yarta ta ce ta tafi kududdufi wankin kuza, nan matan da ba su samu iri ba suke zuwa yanzu, su wuni cikin ruwa suna tace yashi. Na jira. Ta dawo wajen azahar, ƙafafunta fari fat da laka har gwiwa, da kwano a hammata. Ta sa aka kawo mini benci, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafar Baba Pam. Ni ma na tambayi nata. Ta zauna a ƙasa tana kankare lakar da tsinke.

"Malam Sale, takarda ya isa?"

Na ce ta isa.

"Yaran Manaja sun ce ka zo kwana uku da sikeli. Ba ka biyo ka sha ruwa ba."

 Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya bana me zan rubuta mata. Na yi mata bayani yadda yake: wannan fom na masu noman dankali ne, wanda bai shuka ba ana cire sunansa, a ɗauko wani mai shuka a sa a gurbinsa. Ta sa na maimaita. Na maimaita.

"Wato ba za ka rubuta ba ni da iri ba?"

"Babu wurin rubuta shi, Ngo."

Ta gyaɗa kai, ta ce to in yi abin da aka aiko ni, ita za ta koma kududdufi kafin mai sayen kuza ya tashi. Ta ɗauki kwanonta. Na ɗora fom a cinya, na ja layi a kan sunanta. Bakwai na ja a ƙauyen kafin rana ta faɗi. A gurbinta na sa sunan Manaja, na hau babur na zagaya gonarsa na kafa fegi. Dankalinsa ya yi kyau a shekarar.